Baƙi uku a cikin kwamfuta ɗaya

Shekarata ta farko ta karatun ilimin kwamfuta a Yamai na ƙare ta ban mallaki kwamfuta ba. Ɗakin kwamfutocin makaranta da aron na abokai suka riƙe ni, kuma sun wadatar, domin aikin wannan shekarar bai wuce lissafi da rubuta ƙananan furogiram da harshen C ba, abin da kowace tsohuwar na'ura take ɗauka. A shekara ta biyu muka shiga darasin rezo, wato haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, da kula da uwar garke, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, wadda a bakinmu sarbar muke ce mata. Ranar farko Malam ya tsaya gaban allo ya ce daga mako mai zuwa kowannenmu zai riƙa zuwa aikin gwaji da kwamfuta uku: ɗaya mai Windows Server, ɗaya ta ma'aikaci wadda za ta shiga ƙarƙashin ikonta, ɗaya kuma mai Linux. Aji ya yi tsit. Sai ya ƙara da cewa ɗaya za mu saya, mu gina ukun a cikinta.

Abin da yake nufi shi ne VM, wato kwamfuta ta cikin kwamfuta. Akwai manhajoji, irin su VirtualBox ta kamfanin Oracle wadda kyauta ce, da ke yankar wani kaso na RAM ɗinka, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi, da na furosesa mai yin lissafin, da na diski inda ake ajiya, su haɗa su miƙa wa wani tsarin aiki na daban, irin su Windows ko Linux. Shi tsarin nan bai san ba a kan ƙarfe yake zaune ba. Yana tashi, yana mutuwa, yana da adireshinsa na rezo kamar kowace kwamfuta. Littattafan sana'ar suna kiran ta waje mai masauki, na cikin kuma baƙi, kuma ban ga sunan da ya fi wannan dacewa ba. Duk abin da baƙo zai ci daga tukunyar mai gida yake fitowa, tabarmar da zai kwanta a kai ma daga ɗakin mai gida aka ɗauko ta. Amfanin abin ga ɗalibi babba ne. Kana iya lalata uwar garke da gangan don ka ga yadda take faɗuwa, ka haɗa rezon ma'aikata guda a kan cinyarka, in abin ya dagule ka share ka sake gini. Baƙo raɓa ne, wannan kuwa ba ya barin ɓarna a gidan da ya sauka.

Na fara gwadawa da ƙaramar kwamfutar ɗiyar gwaggona, a gidansu da nake zaune a unguwar Bukoki. Na'ura ce mai kyau ga aikin da aka saye ta dominsa, rubutu da shiga intanet: furosesa Celeron, RAM giga 4, ma'ajiya giga 64. Debian, wani nau'in Linux marar zane, wanda rubutu kawai ake yi masa a baƙin allo, ya tashi a cikinta lafiya. Da na zo Windows Server sai na tarar mafi ƙarancin diskin da yake nema giga 32 ne, ni kuwa abin da ya rage min bai kai haka ba. Na matsar da hotunanta da bidiyoyinta zuwa kile, ƙaramar ma'ajiyar nan ta USB, da izininta, na samu wuri. Daga lokacin da na tada shi na'urar ta sandare. In na motsa linzami sai an jima kibiya ta biyo. Dare ya raba ban wuce shafin farko na girkawa ba. Na rufe ta na kwanta, na san aro ya ƙare.

Kuɗi daga wuri uku suka fito. Inna ta ɗauki kwasarta ta adashi a Tawa ta aiko min da ita dungurungum, Baba ya ƙara daga kuɗin albasa, Kawu kuma da ke neman kuɗi a Abijan ya cika. Duka suka kama jika 200, wato sefa dubu 200. Na faɗi inda suka fito ne domin shi ya sa na yi ta ja da baya kafin in miƙa wa kowa su. Kuɗin adashin uwa ba a yin gwaji da su.

Kawu ya kira ni da dare ya kafa sharaɗinsa. "Ɗana, sabuwa za ka saya, cikin kwalinta. Mi kake so da tsohon kayan da wani ya gaji da shi? Araha ba ta ado." Na ce to, Kawu, zan duba. Maganarsa tana da tushe, ya sha ganin wanda ya sayi kayan hannu ya kwana biyu ya koma wurin mai gyara. Amma da na duba sababbin da kuɗina za su iya kaiwa gare su, kusan duk ƴan uwan ta ɗiyar gwaggona ne, in an ci sa'a RAM ya kai giga 8.

Wanda ya warware min zaren wani yayanmu ne na shekara ta uku, ɗan Madawa, wanda na same shi a fadarsu bayan isha'i ana dafa shayi. Bai tambaye ni wace alama nake so ba. Ya yagi takarda ya ce, "Ƙanena, fara ƙirga baƙinka tukuna." Muka ƙirga. Mai masauki da kansa, Windows da burauza a buɗe da takardar darasi, ka ware masa giga 4, kuma wannan ma a takure yake. Windows Server mai zane, a takarda giga 2 ne mafi ƙarancinsa, amma in kana so ya yi maka aiki ba ka tsaya jiransa ba, ba shi 4. Kwamfutar ma'aikaci mai Windows, 4. Kali Linux ko wani Linux mai zane, 2. Jimla 14. Ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta 16. Ya ce da giga 8 za ka tada baƙo ɗaya cikin walwala, biyu da ƙyar, uku kuwa ba zai yiwu ba, darasin Malam kuma gaba ɗayansa a kan yadda ukun ke magana da juna ya dogara. Ya bayyana min abin da ya faru da ni daren nan: in RAM ya cika, tsarin aiki yakan koma ajiye abin da ya yi yawa a kan diski, diski kuma ko mai saurin ne bai kama ƙafar RAM ba, shi ya sa komai yake tsayawa.

Daga nan ya kawo maganar da ta fi duk sauran amfani gare ni. Ya ce ba lallai in samu mai giga 16 a kasuwa da kuɗina ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne wadda RAM ɗinta ake cirewa a ƙara. Yawancin siraran kwamfutocin nan masu kyan gani an narka RAM ɗinsu a jikin allon uwa, wato babban allon da kayan cikin na'ura ke zaune a kansa, yadda ka saye ta haka za ta mutu. Wasu kuma suna da gurbi ɗaya ko biyu a ciki, ka sayi sandar RAM ka soka. Mai giga 8 da gurbi a buɗe ta fi mai giga 8 da aka liƙe nesa ba kusa ba, ko da farashinsu ɗaya ne, ko da ta biyun ta fi sheƙi.

Sai furosesa. Ni kamar kowa, na zo da tunanin i7 ta fi i5, magana ta ƙare. Ya rubuta lamba biyu: i7-7500U da i5-8250U, ya ce in zaɓa. Na nuna ta farko. Ya ce ta farkon zuciya biyu gare ta, ta biyun zuciya huɗu. Zuciya muke kiran kowane sashe na furosesa da ke iya ɗaukar aikinsa shi kaɗai. Lambar farko bayan karan nan ita ke nuna tsara, daga tsara ta 10 kuma lambobi biyun farko ne. A jerin masu harafin U, waɗanda su suka cika kwamfutocin ofis, har zuwa tsara ta 7 i5 da i7 duk zuciya biyu ne. A tsara ta 8, wadda ta fito a 2017, Intel ta mai da su huɗu. Ga mai tada baƙi wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin kowane baƙo sai ka ba shi zuciya ɗaya ko biyu, kuma dole ka rage wa mai gida abin da zai yi numfashi da shi. Akwai dalili na biyu da ya sa tsara ta 8 ta zama iyaka. Windows 11, a jerin da Microsoft ta amince da shi, daga nan ya fara a ɓangaren Intel, in ban da ƴan tsiraru, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000. Lokacin an riga an sanar cewa ranar 14 ga Oktoban 2025 za a daina kula da Windows 10. Sayen tsara ta 6 ko ta 7 a wannan lokacin sayen abin da kwanansa ya kusa ƙarewa ne.

Diski bai ɗauke mu lokaci ba. SSD, ba tsohon diski mai juyawa ba, domin baƙi uku in suna karatu da rubutu lokaci guda a kan faifai mai allura ɗaya, duk layi za su bi. Ya ce in na samu giga 512 in ɗauka. Wannan ce shawarar da ban riƙe da kyau ba, zan zo kanta.

Akwai abubuwan da na ajiye gefe tun kafin in shiga kasuwa. Kwamfutocin wasan gem suna da ƙarfi, ba a musu, amma kuɗinsu mai yawa a katin zane yake tafiya, wanda aikin uwar garke ba ruwansa da shi, ga nauyi, ga batir da ba ya jimawa, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Mac kuma, tun 2020 da Apple ta koma furosesarta ta M1, gininta na ARM ne, alhali fayilolin da Malam ke rabawa an yi su ne don Intel da AMD. Ko da kuɗina sun kai, da wahala zan saya wa kaina. Allon taɓawa da sirantaka da hasken madannai ban sa su a lissafi ba. Abin da na ƙara a takardar da kaina shi ne ramin wayar rezo, domin ɗalibin rezo da ba shi da inda zai soka waya kullum yana neman aron mahaɗi.

Kwana uku na yi ina yawon shaguna, cikin hazon Janairu. Ranar farko ban ɗauki kuɗi ba da gangan. Na zaga shagunan da ke kewaye da Babbar Kasuwa da wasu na cikin unguwanni, ina tambaya ina rubutawa. A nan na gane yawancin na hannun da ake sayarwa, okaziyon kamar yadda ake cewa, kwamfutocin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da su ƴan shekaru suka sauya: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook na HP. An ƙera su don a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma masu gyaran Yamai sun san cikinsu, kayan gyaransu ma suna samuwa. Na kuma lura da cewa in ka tambayi mai shago, abu biyu zai faɗa maka, "kor i7" da girman diski. Tsara kuwa sai ka duba da kanka. Ba duka ne ke ɓoyewa ba, da yawa ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Rana ta biyu na kusa yin asarar kuɗin Inna. A wani shago na ga wadda ta cika kusan duk abin da ke takardata: i5 tsara ta 8, RAM giga 16 a ciki tun asali, SSD giga 512, jiki tsaf ba ƙwarzane, farashi kuma ƙasa da na sauran. Zuciyata ta kwanta da ita nan take. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, tagar da ke nuna aikin na'ura ta buɗe, na shiga shafin furosesa. Suna daidai, zuciya huɗu daidai. A ƙasa akwai layin da ke nuna ko damar tada baƙi a kunne take, na ga an rubuta a kashe take. Wannan bai tada min hankali ba. Dama ce da ke cikin furosesa, Intel na kiranta VT-x, AMD na kiranta AMD-V, kuma sau da yawa a kashe take zuwa, sai ka shiga BIOS, wato saitunan na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kunna. Na ce wa mai shagon zan sake tada ta in shiga BIOS. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, komai lafiya yake. Na ce duk da haka. Da na shiga sai ta nemi kalmar sirri.

Kamfanin da ya yi aiki da ita ya kulle BIOS ɗin, aka sayar da ita da makullinta. Windows yana tashi, komai yana aiki, mai rubutu da kallon bidiyo zai shekara biyar bai san da kullen ba. Amma ni abin da nake sayenta dominsa yana bayan wannan ƙofar. In ba a kunna VT-x ba, VirtualBox na yanzu ba zai tada baƙo ko ɗaya ba. Mai shagon ya ce, "Ɗan samari, wannan ƙaramin abu ne. Ka biya, gobe yarona ya cire maka." Na tsaya ina juya maganar, kuɗi na cikin aljihu, ga wani ya shigo yana taɓa ta. Irin wannan kullen ba a cire shi da cire batir, a irin waɗannan na'urorin a cikin wani ƙaramin guntu na allon uwa yake zaune, sai an taɓa allon da kansa, in hannu ya goce kuma na'urar ta tafi. Na ce masa in ya cire yau, gobe in zo in gani a buɗe, zan biya. Ya ce ba ya taɓa kaya sai an biya. Na yi masa godiya na fita. Har na isa gida ina jin kamar na bar rabona a baya, domin ban sake ganin mai giga 16 da 512 a wannan farashin ba.

Rana ta uku yayan nan namu ya raka ni wurin wani dattijo mai gyara, wanda ke sayar da ƴan kaɗan a gefen teburin aikinsa. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, ta karatu nake nema, wadda za ta ɗauki VM." Bai nuna min mai sheƙi ba. Ya jawo wata baƙar ThinkPad T480 wadda gefenta ya ɗan goge, ya ajiye a gabana ya ce, "Ga ta, ɗana, duba duk abin da kake dubawa, ba sauri nake ba." Furosesa i5-8350U, zuciya huɗu. RAM giga 8. SSD giga 256. F1 ya kai ni cikin BIOS ba kalmar sirri, na kunna VT-x da hannuna. Tagar RAM ta nuna gurbi ɗaya cikin biyu ake amfani da shi, amma da yake wannan lissafin wani lokaci yakan haɗa da wanda aka liƙe, na roƙe shi ya buɗe bayanta. Ya fara kashe batirin ciki daga BIOS, sannan ya kwance, na ga gurbin da idona a buɗe. Wannan ƙirar, wadda ta fito a 2018, gurbi biyu gare ta, kuma Lenovo ta ce tana ɗaukar har giga 32. Mai sayen irinta ya kula da harafin ƙarshe: T480s, mai ƙaramin s, wani sashe na RAM ɗinta a liƙe yake, gurbi ɗaya kawai gare ta.

Na yi kusan awa guda a kan bencinsa. Na buɗe baƙar taga na rubuta powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batir ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya riƙewa yanzu. T480 batir biyu gare ta, na ciki da na waje wanda ake zarewa ba tare da an kashe ta ba. Na cikin ya yi rauni sosai, na wajen da sauransa. Na duba lafiyar diski da awannin da ya yi yana aiki da wata ƙaramar manhaja, CrystalDiskInfo, da na zo da ita a kile. Na danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, na soka kile a kowane rami, na gwada ramin rezo da wayar Alhaji, na buɗe farin shafi da baƙi in ga ko allon na da tabo. A ƙarshe na girka VirtualBox na tada Debian ɗin da na zo da shi, na ba shi aiki, na bar shi minti ashirin ina sauraren fanka, ina taɓa ƙasanta in ji zafi. Alhaji yana ta aikinsa, sau ɗaya kawai ya ɗago ya ce da duk masu saye haka suke yi, da rigimar dawo da kaya ta ragu.

Ya sa mata jika 185. Na kawo maganar batirin ciki, ya duba rahoton da kansa ya yarda. Muka daidaita a 165, ya ƙara min sandar DDR4 ta giga 8 mai gudu ɗaya da ta ciki a kan jika 15, ya soka a gabana, na'ura ta tashi ta nuna 16. Ya rubuta min takarda da lambar jikin na'urar da alkawarin wata ɗaya. Abin da ya rage na sayi jaka mai katifa a ciki da mahaɗin wuta mai kariya, na ajiye sauran.

Sayen bai zama ƙarshen koyo ba. Fayilolin girkawa daga hannun ƴan aji na karɓa, domin na Windows Server kaɗai ya kai wajen giga 5, ba abin da ɗalibi zai sauke da kuɗin intanet na waya ba ne. Microsoft na ba da shi kyauta don gwaji na kwana 180, wanda ya ishi zangon karatu. Da na tada shi sai na ga yana jan ƙafa fiye da yadda ya kamata, a ƙasan tagar VirtualBox kuma akwai ɗan hoton kunkuru kore. Ma'anarsa Windows ya riga ya riƙe VT-x don tasa manhajar tada baƙi, Hyper-V, da wata kariya ta ƙwaƙwalwa, VirtualBox yana bi ta bayansa ne. Da na kashe su kunkurun ya ɓace, gudu ya dawo. Ban ji daɗin kashe kariya ba, kuma har yanzu ina ganin ƴan ajinmu da suka mai da Linux mai masauki suna tada baƙinsu da KVM sun fi ni dabara a nan. Wasu kuma sun koma VMware Workstation, wadda tun watan Mayun 2024 ta zama kyauta ga mai amfanin kansa.

Wani abin da ke cin lokacin mutane a nan ƙasar shi ne madannai. Mun saba da jerin AZERTY na Faransa, tawa kuwa QWERTY ce, kuma kowane baƙo sai ka faɗa masa wane jeri kake amfani da shi. Na sa wa uwar garke kalmar sirri lokacin tana ɗauka AZERTY ce, daga baya na gyara jerin, sai ta ƙi ni, domin a da q sun yi musanya, lambobin saman ma ba haka ake samunsu ba. A wurin kalmar sirri ba ka ganin abin da kake rubutawa. Abin da ya fitar da ni shi ne hoton hali da na ɗauka kafin nan, wato ajiye yanayin baƙo gaba ɗaya a wani lokaci don ka iya komawa gare shi. Tun daga ranar ba na taɓa wani babban saiti sai na ɗauki hoto tukuna.

Hotunan nan su suka fallasa kuskurena na diski. Kowane baƙo mai Windows yana cin giga talatin zuwa sama, kowane hoto kuma yana ƙara kumbura da aiki. Kafin wata uku giga 256 ta cika, na koma share baƙon wannan darasi don in gina na wancan. Da na san haka da na haƙura da jaka na nemi Alhaji ya sauya min diskin tun ranar farko. Sai da na tara kuɗin wasu ƴan gyare-gyaren da nake yi wa maƙwabta na koma wurinsa ya sa min na giga 512.

Zafin Afrilu ya zo da nasa darasin. In rana ta haura maki 40, ga baƙi uku a tashe, fanka na ihu, furosesa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga komai ya yi sanyin jiki. Na daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, na riƙa ɗaga bayanta da marafan kwalba biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Alhaji ya buɗe ta ya fitar da ƙurar da ta toshe hanyar iska, ya sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, zafin ya sauka. Babban aiki kuma na mai da shi bayan asuba. In wuta ta ɗauke ina tsakiyar gwaji, ba na jira batir ya ƙare, domin baƙi uku shan batir suke yi kamar rani da tafki. Nakan ajiye halin kowanne in rufe, in wuta ta dawo su tashi daga inda suka tsaya.

Kawu bai manta da sharaɗinsa ba. Na faɗa masa gaskiya tun ranar da na saya, ya yi shiru a waya ya ce Allah ya sa albarka, amma na ji a muryarsa bai gamsu ba. Da na je Tawa hutu ya kira ta bidiyo, Inna na zaune kusa da ni a tsakar gida. Ya ce in nuna masa tsohuwar. Na juya waya na nuna masa allon, uwar garke a taga ɗaya, kwamfutar ma'aikaci a ta biyu, Linux a ta uku. Na ƙirƙiri sabon ma'aikaci a uwar garken da sunan garinmu, na koma taga ta biyu na shiga da shi, ta karɓa. Ya ce, "Wanga duka cikin guda ɗaya?" Na ce e, Kawu. Ya tambayi nawa ya rage cikin kuɗin, na faɗa masa. Sai ya tambayi abin da za ta buƙata nan gaba. Na ce baɗi za mu shiga GNS3, inda ake tada na'urorin rezo da yawa lokaci guda, giga 16 za ta yi kaɗan, sai an cire sandunan nan biyu an sa masu giga 16 kowace. Ya ce in tambayi Alhaji farashinsu in na koma Yamai, in aiko masa da saƙo.